Malam Edita, ƙwayar kemo fa ba fanadol bace

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gareku da abokan aikinku, ya aiki ya haƙuri damu. Ni a Makka nake zaune, anan Misfala aka haifeni, iyayenmu ne suka taho daga ƙasar Kano tun da jimawa, jaridarku a waya nake karantata. Naga kuna ƙoƙari wajen kawo maganar ciwon daji a shafin lafiya, Allah ya saka da alheri, sai dai kusan kullum akan kemon da ake sawa ta ƙarin ruwa ake tsayawa, da zubewar gashi da tsadar asibiti. Akwai wanda ake bawa mutum a leda ya tafi dashi gida ya dinga haɗiya, shi ne banji ana magana akansa ba, kuma wallahi shi ya kusa kai mahaifiyarmu ƙasa, ba don maganin bashi da kyau ba, sai don mun rainashi da muka ganshi ƙwaya.

Inna anyi mata aiki ne a hanji aka yanke wajen da ciwon yake, bayan ta ɗan murmure aka bamu mau'idi, wato ranar ganin likita, wajen likitar daji. Ranar ban manta ba, cikin Sha'aban ne, muka tafi gabanmu yana faɗuwa don duk zatonmu za'a fara ɗaura mata ruwan nan ne da Larabawa suke cewa kimawi. Sai daktora tace a'a, ita hubub za'a bata, wato ƙwayoyi, ta sha a gida. Inna ta ɗaga hannu tana Alhamdulillahi, a mota take cemin ke 'yar nan ashe abin ma bai kai ya kawo ba tunda ƙwaya suka bani. Nima haka na ɗauka. Har ƙanina ya kira 'yan uwa a Kano yana musu albishir wai ba za'ayi kemo ba. To kemo ne, cikakkensa. Sunan maganin capecitabine, kamfanin Roche na ƙasar Suwizalan ne ya fara fitar dashi da sunan Xeloda, tun 1998 aka amince dashi a Amurka. In ya shiga jiki juyewa yakeyi ya koma wani tsohon maganin daji da ake cewa 5-FU wanda aka ƙirƙiro tun 1957, shi wancan ta jijiya ake badashi. Kenan dafin ɗaya ne, hanyar shigarsa ce ta bambanta. Bambanci na biyu kuma wanda yafi damuna, na asibiti nas ce take aunawa ta tsaya akanka tana kallon fuskarka, wannan kuwa mu ne nas ɗin, ni da ƙanwata da matar ƙanina, babu wadda ta taɓa shiga ajin aikin jinya a cikinmu.

Ga yadda tsarin yake a wajenmu. Kwana 14 ana sha safe da yamma, sai a huta kwana 7, shine zagaye ɗaya na sati 3, kuma zagaye 8 aka yanka mata, kusan wata 6 kenan. Ana sha ne bayan cin abinci kafin minti 30 ya wuce, a kora da ruwa, Inna da zamzam take korawa kuma daktora tace babu laifi ko kaɗan. Ƙwayar kala biyu ce, babba mai miligiram 500 da ƙarama mai 150, launinsu kusan iri ɗaya, ita an rubuta mata manya 3 ƙanana 2 duk sha ɗaya. Lissafin ba da ka akeyinsa ba, sai da aka auna tsayinta da nauyinta aka duba tahalil, wato gwajin jininta da na ƙoda, kuma duk zagaye sai an sake ɗiban jini kafin a bada na gaba. Wannan maganar ku riƙeta don zan dawo kanta.

Kuskurenmu na farko a kwana na 3 mukayi. Inna tace manyan suna tsaya mata a wuya, ƙanwata don tausayi ta samu cokali biyu ta murƙushesu ta zuba a kunun gyaɗa, da hannunta tsirara, a kan farantin da muke yanka albasa, garin yana tashi tana busawa. Da yamma ta bani labari tana jin daɗi wai ta samo dabara. Allah ya taimaka washegari na koma saidaliyya, wato wajen karɓar magani, karɓo wani abu nake faɗawa mai bada maganin, bawan Allah ya dafe kai yace kar mu kuskura mu sake. Ba'a fasata, ba'a taunata, ba'a daka, garin kansa yana cutar da wanda ya shaƙa ko ya taɓa fatarsa, in mara lafiya ya kasa haɗiya to likita za'a komawa ya san yadda zaiyi. Daga ranar ɗaya bayan ɗaya take haɗiya, da ruwa mai yawa, muna zaune muna mata sannu.

Na biyun shine babba. Wajen kwana na 9 naga Inna tana yawan shiga banɗaki, na tambayeta tace babu komai. Kunsan halin iyayenmu da kara, tsohuwa bazata buɗe baki ta cewa 'yarta zawo nakeyi ba, balle ga suruka a gidan. Ashe tun kwana 2 abin yake tafiya, sau 6 sau 7 a rana har cikin dare, bakinta ya fashe da gyambo bata iya cin komai sai shayi, amma duk da haka lokaci nayi zata miƙo hannu a bata maganinta. Da na matsa mata daga baya cewa tayi ai ta ɗauka maganin ne yake wanke dattin ciwon, irin yadda in ansha na shawara ake gudawa ace yayi aiki. Wajen ƙarfe 2 na dare naji faɗuwar buta, na taso na sameta a ƙofar banɗaki zaune a ƙasa ta jingina da bango, idonta ya zurma, leɓenta ya bushe kaman ganyen kuka, na taɓa wuyanta zafi rau. Na ɗauko ma'aunin zafi ya nuna 38 da ɗigo 6. Hannuna na rawa na kira 997, motar asibiti tazo, sai tawari, wato sashen gaggawa. Kwana 5 tayi a kwance ana ƙara mata ruwa da allurai, ƙodarta ma saida ta ɗan taɓu saboda ruwan jikinta ya ƙare.

Da daktora tazo bata yi mana faɗa ba amma maganarta ta zauna min. Tace wannan maganin dokarsa ita ce, in zawo ya kai sau 4 a rana sama da yadda mutum ya saba, ko yana tashinsa cikin dare, ko amai ya kai sau 2 a yini, ko baki yayi gyambon da zai hana ci, ko zazzaɓi ya kai 38, to a AJIYE maganin nan take a kira asibiti, ba'a jiran ranar mau'idi. Ciwon ƙirji kuwa ko numfashi sama sama wannan ba kira bane, tafiya ce kai tsaye, don maganin yana iya matse jijiyoyin zuciya ko ga wanda bashi da ciwon zuciya. Ta juya wajen Inna tace ya khala dakatawa kwana kaɗan bazai ɓata maganin ba, cigaba da sha a irin wannan halin shine yake kashe mutum. Mu kuma duk tunaninmu wanda ya tsallake sha ɗaya ya rusa komai, rashin sani yafi dare duhu. Ta kuma ja mana kunne akan fanadol, tace in jiki yayi zafi a fara aunawa kafin a bada, don yana danne zazzaɓin ka zaci an samu sauƙi alhalin ƙwayoyin jinin da suke kare jiki sunyi ƙasa cuta tana yawo a ciki.

A nan ne ma na fara jin wata magana da nake so masu karatu su tambayi likitansu. Akwai wani sinadari a jikin mutum da ake kira DPD, aikinsa narkar da wannan maganin ya fitar dashi, to wasu an haifesu dashi kaɗan ko babu gaba ɗaya, irinsu ko sun bi doka ɗari bisa ɗari maganin taruwa yakeyi ya zame musu guba tun a zagayen farko. A 2020 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai tace a dinga gwajinsa kafin a fara. Tambaya ce kawai, anyi min gwajin DPD kuwa? Bata cin kuɗi ita tambayar.

Da aka sallameta sai aka rage mata, ya koma manya 2 ƙanana 3. Ku duba fa, da manya 3 ƙanana 2 ne, yanzu an juya, ga launi ɗaya, ga mu mata uku muna karɓa karɓa. Shiyasa na samo kalanda na manna a jikin talaja, wato firij, kowace rana gida biyu na safe da na yamma, duk wadda ta bada sai tasa alama da sunanta, ranakun hutu 7 kuma na shafesu da jan biro. Idan an manta sha ɗaya har lokaci ya ƙure to shikenan ya wuce, ba'a haɗa biyu a na gaba, ba'a kuma ƙarawa a ƙarshen kwana 14 ɗin wai ramuwa kaman sallah. In tayi amai bayan ta sha ma ba'a sake bata, a jira na gaba, a rubuta a faɗawa likita. Wanda kuma aka bawa fiye da ƙima bisa kuskure kar a zauna jiran aga abinda zai faru, asibiti kawai.

Sai 'yan dubiya, Allah ya bada ladan zumunci amma kowa da maganinsa a jaka. Wannan ta kawo habbatus sauda da zuma, wancan yace ayi ƙaho, wata tace akwai mai raƙuma a hanyar Jidda a samo nono da ɗuminsa ba'a tafasa ba, wata kuma ta kawo kwalbar bitamin na ƙarin jini tace ai Hajiya ta rame. Ni bana jayayya da kowa akan abinda yazo a sunna, abinda nayi shine duk na tattara na zuba a leda na kaiwa daktora. Bitamin ɗin ta fara cirewa, tace akwai folik asid a ciki kuma yana ƙarawa maganin nan dafi, abinda mu muke ganin ko mai ciki ana bata. Ɗanyen nonon raƙumi tace sam, mai lafiya ma ana gargaɗinsa akai tun da cutar MERS ta ɓulla a ƙasar nan a 2012, balle wadda garkuwar jikinta take ƙasa. Ƙaho tace a bari tukunna saboda zubar jini da shigar cuta ta wajen tsagar. Zuma cokali ɗaya a shayi bata hana ba. Ta kuma tambaya ko Inna tana shan warfarin na tsinka jini ko phenytoin na farfaɗiya ko allopurinol, don duk basa jituwa da wannan, musamman warfarin ɗin da yake iya jawo zubar jini mai tsanani. Tsofaffinmu da yawa suna da ledar magani ta shekara da shekaru wadda ko 'ya'yansu basu san me ke ciki ba, a ɗauketa sukutum a kai gaban likita.

Wajen zagaye na 4 wani sabon abu ya fito. Takardar cikin kwalin, wadda Larabci ne da Turanci, tana cewa a lura in tafin hannu da na ƙafa yayi JA. To mu jan muke ta jira. Fatarmu ba irin tasu bace Malam Edita, na Inna baƙi yayi, tafin hannunta ya dinga duhu kaman wadda ta ƙunsa lalle ya kwana, layin tafin yayi baƙiƙƙirin, har wata maƙociya take mata tsiya wai Hajiya amarci za'a koma ne. Sai da fatar tayi kauri ta fara tsagewa a dunduniya, tana cewa ji take kaman ta taka garwashi, ta kasa murɗa murfin gora, ta kasa jan carbi, sannan muka gane shine abin da ake faɗa. Nan ma an ɗan dakatar da maganin, aka bata man shafawa mai yuriya safe da dare, aka hanata ruwan zafi da wanki da matsattsen takalmi da tafiya mai nisa. Kunsan ruwan famfon Makka da rani, daga tanki yake saukowa kaman an dafa, saida muka koma tara mata ruwan alwala a bokiti cikin ɗaki ya huce. Umra kuwa da ta nace, a keken guragu ƙanina ya turata, don Safa da Marwa kaɗai ya haura kilomita 3, tana ta mita wai ita da ƙafarta. Abin dariya abin tausayi, mun je sayen sabon layin waya na'urar basma, mai ɗaukar zanen yatsa, taƙi karɓar yatsanta, aka goge aka sake har yatsa 10 babu wanda ya hau, ashe zanen yatsan ne ya shafe, kuma sananne ne wannan maganin yana yin haka. A ƙasar da komai sai da basma, iƙama wato takardar zama da banki da filin jirgi, duk mai shansa ya roƙi likita takardar shaida ya dinga yawo da ita, musamman wanda zai shigo Umra ko Hajji daga gida.

Maganar tsaron gida bazan ja ta ba. Muna bada maganin ne da safar hannu ko mu ɓallo shi kai tsaye cikin ɗan kofin da ba'a komai dashi sai wannan, a wanke hannu kafin da bayan. Matar ƙanina da ta samu ciki muka cireta daga layin gaba ɗaya, ko kwalin bata taɓawa. Banɗaki a rufe murfi a kora ruwa sau 2, zanin da amai ko bahaya ya taɓa a wankeshi daban, har kwana 2 bayan sha na ƙarshe. Kwalin yana saman kwaba a kulle saboda jikoki, kuma a ɗakin da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yake aiki, don ba'a so zafin wajen ya wuce 30, a garin da yake haura 45, wanda ya barshi a aljihun mota ya shiga sallar azahar ya san me yayi. Ma'aurata matasa kuma su sani ba'a ɗaukar ciki akansa, mace har wata 6 bayan gamawa, namiji wata 3, ba'a kuma shayarwa, wannan likita zai faɗa in an cire kunya an tambaya.

Azumi ne muka sha daru. Matar da ta shekara 40 tana buɗa baki a Harami kace mata bana babu, kuka ta dinga yi. Daktora tace a halin da take ciki, ga zawon da ya kwantar da ita ga ƙoda, bazata amince ba, wani mara lafiyar ana iya duba masa amma hukuncin na likitansa ne, ba mutum ya gyara lokacin sha da kansa ya matse biyun tsakanin magariba da sahur ba. Saida limamin unguwarmu ya zo har gida ya karanto mata aya ta 184 da 185 a Baƙara yace Hajiya Allah ne da kansa yayi miki rangwame, zaki mayar masa da kyautarsa ne? Sannan ta sauko.

To ga abinda yasa nayi wannan wasiƙar. Lokacin Hajji wata goggonmu ta zo daga Kano, ƙanwar babanmu ce, ta sauka a wajenmu bayan Arfa. Taga Inna ta fara maida jiki, taga ragowar manyan ƙwayoyin da suka taru saboda kwanakin da aka dakatar da ragin da akayi, sai ta jani gefe tace 'yata ki taimaka ki bani waɗannan in tafi dasu, akwai 'yar kishiyata da ƙullutu ya fito mata a nono, asibiti sun yanka musu kuɗin da ko gida suka saida bazai kai ba, tunda na Saudiyya ne ai yafi kyau. Wallahi saida naji hawaye, don nasan gaskiya take faɗa akan kuɗin, nasan kuma yadda ake cika jakar alhazai da man zafi da maganin ƙafa da na ido ana kaiwa tsaraba. Nace Goggo kiyi haƙuri kiyi min rai, bazan iya ba. Yarinyar nan ko gwajin tsokar ba'a yi mata ba, ba'a san ƙullutun daji bane ko ba shi bane, in ma shine ba kowane dajin nono ake bawa wannan ba, ba'a auna nauyinta ba, ba'a san ƙodarta ba, ba'a san ko tana da ciki ba, babu wanda zai ɗibi jininta duk sati 3, in zawon da ya kada Inna ya kamata da tsakar dare a ƙauye wa zai kira mata 997? Goggo tayi fushi sosai, tace zama cikin Larabawa ya cire mana tausayi, kwana 2 bata amsa gaisuwata. Daga baya muka haɗa abinda ya sawwaƙa ni da ƙannena na riyal muka bata mukace a kai yarinyar asibitin koyarwa a fara da gwaji. Ragowar kuma na maidasu saidaliyyar asibiti a kwalinsu, don ba'a zubasu a shara ko a masai.

Roƙona gareku, dan Allah ku samu likitan daji da mai haɗa magani Bahaushe su zauna su rubuta wannan bayanin da Hausa mai sauƙi, shafi ɗaya da za'a iya ɗauka a hoto a tura ta WhatsApp, a kuma yi na murya saboda iyayenmu da basa karatun boko, a faɗi yadda alamun suke fitowa a baƙar fata, a faɗi lokacin da ake ajiye magani. Don ba capecitabine kaɗai bane, akwai masu shan imatinib na dajin jini, akwai yaran da ake bawa methotrexate sau ɗaya a SATI wanda in uwa ta ɗauka kullum ne sai dai wani ikon Allah, kowanne da tasa dokar. Mazauna nan Saudiyya kuma akwai lambar ma'aikatar lafiya 937 dare da rana, amma tun ranar farko a karɓi lambar sashen daji a rubuta a jikin talaja kusa da kalandar.

Inna ta gama zagaye na 8 a cikin Muharram, tafin hannunta ya fara washewa, jiya ma ita ta murɗe murfin gorar zamzam da kanta. Wata mai kamawa zamu koma hoto, muna barar addu'arku.

Wassalam,
Taku mai karatu,
Maman Walida, Misfala, Makka